Babbar Jif Mai Kwantawa a Kwana da Tangaɗi a Hanya: Tambayoyi da Amsoshi

Masu manyan motoci kirar jif, irin su Land Cruiser, Patrol, Suburban da Expedition, kusan ƙorafinsu ɗaya ne: motar tana kwantawa idan an sha kwana, tana rangaji idan tirela ta gifta, ko kuma tana lilo kamar kwale-kwale bayan ta hau tudu. Da yawa sukan garzaya su sayo ƙatuwar sandar sitabilaiza, wato sandar ƙarfen da take haɗa ƙafar hagu da ta dama don rage kwanciya, alhali abin da ya lalace roba ce da ba ta kai girman dunƙulen hannu ba.

Me ya sa babbar jif take kwantawa a kwana fiye da ƙaramar mota?

Tsayi ne da nauyi. Kowace mota tana da wurin da nauyinta ya tattaru, wato cibiyar nauyi. A ƙaramar mota wannan wuri yana kusa da ƙasa, a jif kuwa yana sama, domin an ɗaga inji da bodi don motar ta iya ratsa ruwa da duwatsu. Idan ka sha kwana, tayoyi suna riƙe da kwalta a ƙasa, nauyin kuma yana son ya miƙe inda ya nufa tun farko. Tazarar da ke tsakanin inda aka riƙe motar da inda nauyin yake ita ce take zama liba mai murɗa bodin zuwa waje. Sifirin na ɓangaren waje ya danne, na ciki ya miƙe, sai ka ji motar ta kwanta.

Ga kuma sifirin mai taushi da doguwar tafiya, wanda da gangan aka sa shi don taya ta riƙa taɓa ƙasa a hanya mai gargada. Abin da ya sa motar take daɗi a daji shi ne yake sa ta kwantawa a kwalta.

Gudu ma yana da nasa lissafin. Ƙarfin da yake tura mota gefe yana ninkuwa sau huɗu idan gudu ya ninka sau biyu. Kwanar da ka sha a kilomita 60 cikin awa, idan ka sha ta a 85, ƙarfin ya riga ya ninka.

Kwantawa da tangaɗi ba abu ɗaya ba ne?

A'a, kuma wanda ya haɗa su wuri ɗaya zai sayi kayan da ba su ne maganin ba. Akwai motar da take kwantawa a hankali cikin doguwar kwana, ta tsaya a karkace har a fita. Wannan maganar sitabilaiza ce da sifirin da tsayin kaya. Akwai wadda da ka karya sitiyari sai ta faɗa gefe farat ɗaya, ta dawo, ta sake komawa sau biyu ko uku kafin ta natsu. Wannan shokazoba ce ta mutu. Akwai kuma wadda a miƙaƙƙiyar hanya take yawo, kana ta gyara sitiyari hagu da dama, ko ka ji kamar bayanta yana da nasa direban. A nan taya za a duba, da bushin na sandunan da suke riƙe da aksil na baya, da tayirod, da alaimen.

Kafin ka je gareji, ka tantance wanne ne naka, a wane gudu yake farawa, da kaya ko ba kaya. Bakanike da aka ce masa kawai "motar tana rawa" sai ya fara da abin da ya fi sauƙin canzawa.

Daga ina ya kamata a fara dubawa?

Daga taya, sannan a shiga ƙarƙashi. A ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, a auna daga tsakiyar wili zuwa leɓen bodi a kusurwa huɗu. Ɗan bambanci kaɗan ba komai, musamman a ɓangaren da tankin mai yake. Idan hagu da dama sun bambanta da fiye da santimita ɗaya da rabi, akwai sifirin da ya gaji ko ya karye.

Sai linkej, wato gajerun sandunan da suke haɗa bakin sitabilaiza da ƙafar mota. A kama kowanne da hannu a girgiza. Lafiyayye ba ya motsi. Wanda ya ci yakan yi ƙwas-ƙwas a kan ƙananan ramuka, robar kansa ta yage, giris ya tsiyaye. Idan ɗaya ya tsinke, duk sitabilaizar ta daina aiki ko da tana nan a maƙale, domin ba ta da abin da za ta murɗu a kansa. Motoci da yawa suna yawo a haka, mai su yana cewa tsufa ne.

Daga nan a duba bushin biyu da suke rungume da sandar a jikin shasi. Idan ka ga ƙarfen ya yi ƙyalli a gefen robar, ko akwai rata da za ka iya zura bakin sukundireba, sandar tana wasa kafin ta fara aiki. Milimita biyu na wasa a nan yakan zama kwanciyar da direba yake ji a kujera.

A jif mai aksil guda a baya da murɗaɗɗen sifirin, akwai doguwar sanda da take gicciye daga shasi zuwa aksil, ana kiranta sandar Panhard. Ita kaɗai ce take hana bodi zamewa gefe a kan aksil. A sa mutum ya riƙa tura bayan motar hagu da dama da ƙarfi, wani yana ƙasa yana kallon bakinta biyu da fitila. Duk motsin da aka gani tsakanin noti da roba, shi ne yawon da ake ji a hanya. A bi hannayen da suke riƙe aksil ta gaba da baya da liba, a ƙarasa da boljoyin da tayirod da boris na gaba. Sai an gyara duk waɗannan, an yi alaimen, sannan za a san ainihin halin motar.

Iskar taya tana da tasiri har haka?

Sosai. Gefen tayar jif dogo ne, kuma idan iska ta yi ƙasa yakan lanƙwashe a kwana tun kafin sifirin ya motsa. A bi adadin da aka rubuta a takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba. Lambar da ke jikin taya ita ce iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka, ba ita ake bi ba. A auna da sanyi, bayan motar ta huta awa uku, da geji mai kyau. Wasu takardun suna ba da adadi na biyu don cikakken kaya, kuma mutane ba safai suke duba shi ba.

Cika iska fiye da ƙima yana ƙara kaifin sitiyari, amma yana rage faɗin robar da take taɓa kwalta, tsakiyar taya ta cinye, birki ya ragu a jiƙaƙƙiyar hanya.

Irin tayar ma abin dubawa ne. Wadda lambarta ta fara da LT tana da gefe mai tauri fiye da wadda ta fara da P, kuma ga mai ɗaukar kaya ko jan tirela tana rage tangaɗi ƙwarai. Sai dai tana da nauyi, tana da tsauri a kan ramuka, kuma tana buƙatar iska fiye da ta P kafin ta ɗauki nauyi iri ɗaya. Wanda ya koma LT ya ci gaba da bin takardar ƙofa, tayarsa tana tafiya ne da ƙarancin iska, tana zafi. A nemi teburin nauyi da iska na kamfanin tayar. Kada kuma a haɗa iri biyu a aksil ɗaya. Sabuwar taya mai manyan ƙwayoyi ta laka takan yi ɗan yawo a kwalta, wannan halinta ne.

Idan na sa sababbin shokazoba, motar za ta daina kwantawa?

Za ta daina faɗawa, amma a doguwar kwana za ta kwanta daidai inda take kwantawa a da. Shokazoba tana turjiya ne kawai lokacin da take motsi. Da bodi ya gama karkata ya tsaya, aikinta ya ƙare, saura sifirin da sitabilaiza. To amma yawancin abin da yake firgita direba shi ne saurin faɗawar da kuma dawowar, kamar lokacin kauce wa rami ko canza layi da sauri, kuma nan ne shokazoba take da iko. Shi ya sa motar da ta yi doguwar tafiya da nata na asali takan zama kamar wata sabuwa idan an canza su.

Tsohon gwajin nan na danna kusurwar mota a saki ba ya faɗin gaskiya a motar da ta haura tan biyu da rabi, hannun mutum ba ya motsa ta yadda ya kamata. A duba mai: ɗan danshi da ƙura ta manne ba laifi, mai da yake gangarowa har ƙasa mutuwa ce. A shafa tafin hannu a kan taya, idan an ji tudu da kwari a jere, tayar tana tsalle a hanya. A kuma lura da sau nawa motar take lilo bayan tudun rage gudu. Sama, ƙasa, ta tsaya, shi ne daidai.

Ga babbar mota, shokazoba mai bututu ɗaya da gas ta fi jure zafi, ba ta saurin laushi a doguwar hanya mai gargada kamar mai bututu biyu, wadda manta yake kumfa idan ya yi zafi. Ana canza su bibbiyu, na gaba tare, na baya tare.

Motata tana daidaita tsayinta da kanta. Zan iya sa mata shokazoba ta gama-gari?

A bincika tukuna. Wasu Tahoe da Suburban sun fito da shokazobar baya irin ta Nivomat, wadda take ɗaukar wani kaso na nauyin motar da kanta, don haka aka haɗa ta da sifirin mai taushi. Idan aka cire ta aka sa ta gama-gari ba a canza sifirin ba, bayan motar ya zauna, tangaɗin ya fi na da. Masu Autoride ko Magnetic Ride Control kuma suna da waya a kowace shokazoba, kwamfuta tana lura da su, kuma fitilar gargaɗi za ta kama idan aka cire. Haka Lexus LX mai tsarin AHC na daidaita tsayi: taushinta da tsaurinta suna cikin ƙwallayen gas da man haidirolik, kuma idan gas ɗin ya ƙare motar takan yi tsalle da tauri. In za a sauya tsarin, a sauya shi cikakke, sifirin da shokazoba da abin da zai gamsar da kwamfuta.

Yaya sitabilaiza take aiki, kuma wane kauri ya dace?

Sanda ce ta ƙarfen sifirin da aka lanƙwasa bakinta biyu. Tsakiyarta tana jikin shasi, kowane baki yana haɗe da ƙafa ɗaya. Idan tayoyi biyu suka hau tudu tare, sandar tana juyawa ne kawai cikin bushin, ba ta hana komai. Idan ɗaya ta yi sama ɗaya ta yi ƙasa, kamar a kwana, sai ta murɗu ta yi turjiya. Wannan ne ya sa ta fi sifirin mai tauri dacewa da maganin kwanciya: tana aiki a kwana, tana sakin mota a miƙe.

Wajen kauri ne mutane suke yin kuskure, domin ido yana raina milimita. Taurin sandar yana bin kaurinta ne a ninke sau huɗu a kansa, wato kauri sau kauri sau kauri sau kauri. Daga milimita 30 zuwa 33, ƙarin kashi 10 cikin ɗari ne a kauri, amma tauri ya ƙaru da kusan kashi 46. Daga 28 zuwa 32, kusan kashi 70. Saboda haka ƙarin milimita biyu zuwa huɗu ya wadatar ga motar yau da kullum. A auna ta asali da ma'aunin kauri a wurin da yake miƙe, bayan an goge tsatsa da laka. A kuma tambaya ko sandar cikakkiya ce ko mai rami a ciki, domin mai rami mai milimita 35 ba ta kai cikakkiya mai 35 tauri ba, ko da yake ta fi ta sauƙin nauyi nesa ba kusa ba.

Wasu suna zuwa da huda biyu ko uku a baki. Hudar da take can ƙarshe tana ba da doguwar liba, ita ce mafi taushi. Ta ciki ita ce mafi tauri. A fara da ta ƙarshe, kuma hagu da dama su zama a huda ɗaya.

Akwai abin da ake biya. Sanda mai tauri tana ɗaure ƙafafu biyu, don haka idan taya ɗaya ta faɗa rami, duk bodin yakan girgiza gefe da gefe, kawunan fasinjoji su riƙa kaɗawa. A daji kuma taya takan rataye a sama da wuri, ta rasa riƙo. Wannan ne dalilin da ya sa Wrangler Rubicon take da maɓallin kwance sitabilaizar gaba idan an bar kwalta.

Ta gaba zan ƙara ko ta baya?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace haɗari. Ɓangaren da ya fi tauri shi ne yake ɗaukar mafi yawan nauyin da yake komawa waje a kwana, kuma shi ne yake fara sakin hanya. Idan gaba ya fi tauri, motar takan ƙi juyawa, ta nemi miƙewa, kuma ɗaga ƙafa daga totur yakan dawo da ita. Idan baya ya fi tauri, bayan ne yake zamewa ya nemi wuce gaba. A doguwar mota mai tsayi, zamewar baya takan kai ta gicciye a hanya, taya ta ci karo da gefen titi ko ƙasa mai taushi, daga nan sai juyawa. Da gangan kamfanoni suke barin gaba ya fi tauri.

Duk da haka, yawancin manyan jif ta bayansu siririya ce, wasu ma ba su da ita, shi ya sa ɗan ƙari a baya yake kawo babban canji. Matsakaicin ƙari a baya kaɗai yana yiwuwa. Ƙatuwar sanda a baya da ta asali a gaba, wannan kam ba mu ba da shawararsa. Mafi aminci shi ne saiti na gaba da baya da aka ƙera tare don wannan samfurin. Kuma ko kusa kada a yi tafiya da linkej na gaba a tsinke alhali na baya yana aiki.

Yaya ake ɗaura sitabilaiza?

Tayoyin aksil ɗin biyu su kasance a tsayi ɗaya, ko a kan rami, ko duka biyun a ɗage bisa ƙafafun ƙarfe. Idan aka ɗaga gefe ɗaya da jak, sandar tana murɗe, notin linkej ba zai fita ba, in ya fita kuma bakin sandar yana iya fizgewa ya bugi hannu. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai yake riƙe da ita.

A fesa man kwance tsatsa tun da wuri. A ɗauki hoton tsohuwar kafin a taɓa ta, domin sabuwa tana shiga a kife ba tare da gardama ba, sai an sauke mota a tarar tana gugar wani abu. A kwance linkej, ana riƙe da ƙusar tsakiya da makullin alan don kada ta juya tare da noti. A kwance maɗaurai biyu, a zaro sandar. A shafa wa sababbin bushin giris ɗin da ya zo da su, a ɗaura komai da hannu kawai, a sauke motar ta zauna da nauyinta, sannan a ƙarasa ɗauri da sifana mai auna ƙarfi, daidai adadin da littafin motar ya faɗa.

Idan mota tana zaune, hannayen sandar su kusa kwanciya daidai da ƙasa, linkej kuma ya kusa miƙewa tsaye. A juya sitiyari har ƙarshe hagu da dama, a tabbata ba abin da yake kusa da tiyon birki, wayar ABS, salansa ko safaya. Bayan kilomita 150 zuwa 200 a sake bin notocin. Sanda mai kauri tana ɗora wa tsohon linkej da maɗaurai nauyin da ba su saba ba, don haka a sa sababbi tare da ita, kuma a duba wurin ɗaurin a jikin shasi ko tsatsa ta ci shi.

Bushin na roba ko na foliyuretan?

A kan sitabilaiza, foliyuretan, wato wani nau'in leda mai tauri fiye da roba, yana da amfani: ba ya matsewa kamar roba, sandar tana fara aiki nan take. Aibinsa ƙara. Idan giris ya bushe sai ya riƙa ƙiiƙii a kowane tudu, sai an kwance an sake shafawa da giris na silikon. A hannayen aksil kuwa roba mai kyau ta fi, domin wurin yana buƙatar lanƙwasa ta fuska fiye da ɗaya. Bushin roba da aka matse cikin hannu dole a ɗaure notinsa mota tana zaune. Wanda aka ɗaure ƙafa tana rataye yakan zauna a murɗe, ya yage cikin 'yan watanni.

Sifirin mai tauri ko balan-balan na iska fa?

Idan bayan motar yana zama saboda kaya na dindindin, kamar durowa, ƙarin tanki ko bamba na ƙarfe, sifirin da aka ƙera don wannan nauyin shi ne daidai. Wanda ya sa shi a motar da take yawo wayam zai sha jijjiga, bayan kuma ya riƙa tsalle a kan gargada.

Ga mai kaya yau, gobe babu, balan-balan da ake zurawa cikin murɗaɗɗen sifirin ya fi. Yawancin irinsu suna aiki da matsin iska tsakanin psi 5 da 35, kuma ba a barinsu ba iska, sifirin yakan tsunkule su. Kuskuren da ake yawan yi shi ne haɗa tiyon hagu da na dama a bakin hurawa ɗaya. A kwana, iskar ɓangaren da aka danne sai ta gudu zuwa ɗayan, ta ƙara tura motar inda take kwantawa. Kowanne a ba shi nasa tiyo. Kuma balan-balan ba ya ƙara ko kilo ɗaya a kan iyakar nauyin da aka rubuta wa motar. Birki da aksil da taya suna nan yadda suke.

Na ɗaga motar da santimita biyar, sai ta fara yawo. Me ya faru?

Abu uku a lokaci ɗaya. Cibiyar nauyi ta hau. Sandar Panhard ta karkace, ta ja aksil gefe guda, kuma yanzu duk hawa da sauka yana tura bodi hagu da dama. A gaba kuma kusurwar kasta ta ragu, wato jinginar da take sa sitiyari ya koma tsakiya da kansa, shi ya sa motar take bin kowane layi na kwalta. Maganin shi ne sandar Panhard mai daidaituwa ko maɗaurin da zai mayar da ita kwance, hannaye ko bushin masu dawo da kasta, linkej mai tsayi don sitabilaiza ta koma mazauninta, sannan alaimen. Ko an yi duk wannan, motar da aka ɗaga ba za ta kai wadda ba a ɗaga ba natsuwa a kwana.

Kayan da ke kan kariyar rufin mota suna da wani tasiri?

A ɗauki mota mai kilo 2,500 wadda cibiyar nauyinta take santimita 75 daga ƙasa. A ɗora mata kilo 100 a rufi, a tsayin mita biyu. Cibiyar ta koma kusan santimita 80, daidai da a ce an ɗaga motar da santimita biyar. Iyakar nauyin rufi tana cikin littafin mota, kuma nauyin kariyar kanta yana cikin lissafin. Jarkokin ruwa da na mai, akwatin kayan aiki da batir su zauna a ƙasa, gaba da aksil na baya, a ɗaure. Jarka rabin cika ta fi cikakkiya fitina, ruwan yana kai-komo.

Idan ina jan tirela sai baya ya fara kaɗawa. Sitabilaiza za ta magance?

Ba za ta magance ba, domin matsalar tana cikin tirelar. Nauyin da yake sauka a kan ƙugiya ya kamata ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela da kayanta, inda littafin motar da ƙugiyar suka yarda da hakan. Kusan kashi 60 na kaya su kasance gaba da aksil ɗinta. Idan nauyi ya taru a wutsiya, akwai gudun da in an kai shi kaɗawar take ciyar da kanta, kowane lilo ya fi na baya. A cika tayoyin baya zuwa adadin cikakken kaya, tirela ta tafi a miƙe ko hancinta ya ɗan sunkuya. Ga mai nauyi, ƙugiya mai rarraba nauyi tana mayar wa tayoyin gaba abin da aka ɗauke musu.

Idan kaɗawar ta fara, a riƙe sitiyari a miƙe, a ɗaga ƙafa daga totur a hankali, kada a taka birkin mota da ƙarfi, kada a yi ƙoƙarin bin lilon da sitiyari. In tirelar tana da birkin lantarki, a matsa nata da hannu, shi yake miƙar da ita.

Mota mai KDSS ko makamancinsa, ana canza mata sanda?

Galibi a'a. KDSS na Toyota, wanda ya fara fitowa a Lexus GX 470 a 2004 kuma yake cikin wasu Land Cruiser 200 da Prado 150, yana da sanduna masu kauri tun daga kamfani, da silinda ta haidirolik da take riƙe su a kwana, ta sake su a daji. Idan irin wannan mota ta fara kwantawa ko ta jirkice gefe ɗaya, a duba bushin, yoyon silinda, da tsatsa a akwatin bawul da bututunsa. Man yana ƙarƙashin matsi mai yawa, ba a kwance bututu haka kawai, kuma akwai ƙa'idar buɗe bawul kafin a taɓa ƙafar motar. Wasu Patrol Y62 masu HBMC ma ba su da sitabilaiza sam, shokazobar ce aka haɗa da juna ta bututu take yin aikin.

Sifesa, wato faifan da ake sawa bayan wili don turo taya waje, fa?

Ribar kaɗan ce, boris da ƙusoshin wili ne suke biya. Ba da shi ake gyara tangaɗi ba.

Idan motar ta daina kwantawa, ta tsira daga juyawa ke nan?

Ba ta tsira ba. Hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, NHTSA, tana da wani sauƙaƙan awo, wanda ƙaruwarsa take nufin mota ta fi wuyar juyawa: faɗin da ke tsakanin tayar hagu da ta dama, a raba shi da ninki biyu na tsayin cibiyar nauyi. Jif mai faɗin santimita 165 da cibiya a 75 tana da 1.1. Ƙaramar mota mai faɗin 155 da cibiya a 55 tana da 1.4. Sitabilaiza da shokazoba ba sa cikin wannan lissafin. Nauyin da yake komawa tayoyin waje kusan yana nan yadda yake, illa dai bodi ya daina nuna shi. Kwanciyar nan da ake ƙi ita ce take gargaɗin direba ya rage gudu, kuma motar da aka taurara takan yaudari mutum ya shiga kwana da gudun da a da ba zai yarda ba. Mafi yawan juyawar ma tana faruwa ne idan mota ta zame gefe taya ta yi tuntuɓe da wani abu.

Abin da ya fi rage wannan haɗari shi ne na'urar ESC, wadda Toyota take kira VSC, Nissan VDC, GM kuma StabiliTrak. Tana taka birkin taya ɗaya-ɗaya da zarar mota ta fara gicciyewa. Amurka ta wajabta ta daga samfurin 2012, Tarayyar Turai kuma ga duk sababbin motoci daga Nuwamba 2014. Idan fitilarta tana kunne a dashbod, a gyara ta kafin a sayi kowace sanda. Bayan alaimen kuma a tabbata an sake saita na'urar da take karanta kusurwar sitiyari, in motar tana buƙatar hakan.

Yaya zan gane ko gyaran ya yi?

A canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, a gwada a hanya ɗaya, da gudu ɗaya, da kaya iri ɗaya. A zaɓi wuri mai faɗi da ba mutane, a fara da kilomita 30, a yi kewaye hagu da dama, a ƙara gudu kaɗan-kaɗan. Motar ta jingina sau ɗaya ta zauna, ta miƙe ba tare da ta wuce tsakiya ba. A tsakiyar kwana a ɗaga ƙafa daga totur a hankali, a saurari baya. Idan an ji yana sauƙi ko yana neman zagayowa, ko fitilar ESC ta riƙa ƙiftawa a inda a da ba ta yi, sandar baya ta yi tauri: a mayar da linkej hudar ƙarshe, ko a koma ta asali. A maimaita gwajin a jiƙaƙƙiyar ƙasa da gudu ƙasa da na farko, sannan a sake shi da cikakkun kujeru da kaya a but.